Godiya ga ma'aikatan Gidan Makama, musamman malamin da ya zagaya da 'ya'yana

Assalamu alaikum.

Shekarata 11 ina aikin jinya a Birmingham ta ƙasar Ingila, a can kuma na haifi 'ya'yana biyu, mace mai shekara 10 da ƙaninta mai 7. Hutun da ya wuce na kawo su gida Kano, tsakiyar bazara, don su ga garin iyayensu da idonsu, su daina jin labarinsa a waya. Godiya na zo yi wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama, amma sai na faɗi abin da muka sha kafin mu iso ƙofarku.

Kwana huɗu muka yi muna yawon gari, kwana huɗun nan kuwa ban huta da ciniki ba. Da zarar yaran sun buɗe baki an ji harshensu, shi ke nan, farashi ya tashi. Mai adaidaita sahun da ya faɗa mini kuɗi tun kafin mu hau, muna sauka ya ce ai bai san da 'yan ƙasar waje ya ɗauko ba. A wani wurin da ake kai baƙi, wanda ba zan kama sunansa ba, samari uku suka biyo mu, kowa na cewa shi ne mai wurin. Wannan ya karɓi kuɗin shiga, wancan ya ce a ba shi na hoto, na ukun ko dalili bai nema ba, cewa ya yi Hajiya a ba da na goro. Babu wanda ya iya gaya wa yaran komai game da wurin. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne dariya. 'Yata ta daure ta gaishe su da 'yar Hausar da na yi shekaru ina cusa mata, ɗaya ya kwaikwayi gwarancinta, sauran suka tuntsire. Tun daga ranar ta kulle bakinta. Ko kakarta ta yi mata magana sai dai ta gyaɗa kai.

Da ƙanina ya ce mu leƙa Gidan Makama, har na ce a bari. Darajar nacinsa muka je, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta fara dukan ƙeya.

Kuɗin shiga aka faɗa mana sau ɗaya, muka biya, aka wuce wurin. Sai aka haɗa mu da wani malami, dattijo ne mai furfura jefi-jefi a gemu. Ban nemi izininsa ba, don haka ba zan sa sunansa a nan ba, amma abokan aikinsa za su gane shi. Ya gaishe ni, sannan ya rusuna daidai tsayin yaran ya ce, "'Yan gida, sannunku da zuwa. Kun zo ganin gidan kakanku?" Na yi saurin cewa, Malam, Hausarsu ba ta nuna ba, ko za ka yi musu da Turanci. Ya ce, "Hajiya, bar mu. Inda muka maƙale ma nemi taimakonki."

Bai fara da shekaru da sunayen sarakuna ba. Cewa ya yi su ɗora tafin hannu a jikin bango. Autana ya zaro ido, don a waje kamar a soya ƙwai, bangon kuwa sanyi ƙalau. Daga nan ya shiga bayanin tubali, yadda ake cura ƙasa da hannu a shanya ta bushe a rana, da azara da ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cin ta, da makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa a shafe gini don ruwa kada ya ci shi. Kowace kalma sai ya faɗa a hankali ya jira su maimaita. 'Yata ta yi shiru, shi ma bai matsa ba. Can da ya ɗaga kai yana nuna rufin soron, na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "azara." Ya ce, "Madalla, uwata. Wallahi yaran unguwarmu da yawa ba su san sunanta ba." Ni dai juya baya na yi kamar ina duba waya.

Sai da suka saki jiki ya kawo tarihi: cewa gidan tun ƙarni na 15 yake, Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki kafin ya gina fadar da ke tsallaken titi, ya kuma yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ni da aka haifa a cikin badala, na ci kasuwar Kurmi ba adadi, ranar na san a zamaninsa aka kafa ta. Abin kunya, amma gaskiya ce.

Wurin tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Kabuga muka fi daɗewa. Malam ya ce ta nan sojojin Turawa suka shigo Kano a 1903, lokacin Sarki Alu, wanda daga baya aka kai shi Lakwaja. Autana ya yi jim, sannan ya tambaya da Turanci ko mutanen garin da muke zaune ne suka yi wannan. Gabana ya faɗi, don na san yadda wasu ke amsa irin wannan tambaya. Malam ya ce masa e, daga ƙasar suka zo, amma waɗanda suka yi sun daɗe da mutuwa, abokansa na makaranta ba su san ma an yi ba, in ya koma sai ya ba su labari. Ban taɓa jin an gaya wa yaro magana mai nauyi da sauƙi haka ba.

Sauran ɗakunan muka bi da sauri saboda azahar ta gabato, ban da ɗakin amarya, inda 'yata ta tsaya ƙirga kayan jere tana tambayar ko haka aka yi mini. Da za mu fita na dunƙule wani abu na miƙa masa. Ya ce ai mun riga mun biya a ƙofa. Sai da ƙanina ya sa baki, ya ce kyauta ce ta yara, sannan ya karɓa yana sa musu albarka.

Yaran nan makaranta ta sha kai su gidajen tarihi a Ingila, wuraren da aka kashe musu dukiya, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga allon da ake latsawa. Ku ba ku da rabin wannan, wasu hotunan ma sun fara dusashewa, amma ba su taɓa dawowa daga can suna maimaita abin da suka ji har dare ba. Shi ya sa abin da muke yi wa sauran kayan tarihinmu yake ba ni takaici. A hanyar komawa gida na so in nuna musu badalar da Malam ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta. Wani wurin an ci ƙasarta an yi bulo, wani wurin shaguna sun rufe ta, wani wurin bola ce da leda. Sai da direba ya rage gudu ya ce ga ta can, sannan suka gane tudun da suke gani shi ne. Kuma duk inda baƙo ya nufa, tun bai gama gaisuwa ba an fara auna aljihunsa. Yaya mutum zai koma ya ce wa abokin aikinsa ya zo ya ga Kano?

Allah ya saka muku da alheri, ku da shugabanninku. Malam, 'yarka ta ce in gaya maka ta gaishe da kakarta da Hausa a daren ranar, kuma ta rubuta tubali da azara da makuba a bayan littafinta, sai dai makuba ta sa mata k biyu.

Wassalam.

Wata Bakanuwa mazauniyar Birmingham