Zuwa ga ƙawata mai jego

Assalamu alaikum, ƙawata,

Barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana 'yarmu, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Inna ta ce an yi miki aiki, kuma wai hankalinki ya tashi don an yanka ki a kwance can ƙasan mara, alhali yayarki a tsaye aka yi mata tun daga cibiya. Haba ƙawata! Ai naki shi ne wanda aka fi yi yanzu, mu da ke ɗakin haihuwa kullum shi muke gani.

Yankan ma suna gare shi, sunan wani likitan mata Bajamushe, Hermann Pfannenstiel. A Berlin aka haife shi a 1862, nan ya yi karatun likita, sannan ya daɗe yana aiki a Breslau, garin da yanzu yake cikin ƙasar Poland. A 1900 ya fito da wannan hanya. Likitocin zamaninsa a tsaye suke tsaga ciki, sai ɗinki ya riƙa saki, bayan wani lokaci hanji ya turo fata. Shi kuwa ya ce a yanka fata da tantanin nan mai ƙarfi da ke ƙarƙashinta a kwance, naman ciki kuma a raba shi ta tsakiya kawai, kada wuƙa ta gitta shi. Ɗinkin ya fi riƙewa, tabon kuma zane ya rufe shi. Tun asali don cututtukan mahaifa ya tsara shi, daga baya masu ciro jariri suka ɗauka.

Ya shugabanci asibitin mata na jami'ar Giessen daga 1902, aka kira shi jami'ar Kiel a 1907, duk a Jamus. Shekara biyu kacal ya yi a can. Yana cikin yi wa wata mata aikin ƙurji mai mugunya ya ji rauni a hannu, cuta ta shiga jininsa, ya rasu a 1909 yana da shekara 47. Lokacin babu fenisilin, maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, sai wajen 1940 aka fara ba marasa lafiya.

Ke da kike da maganin a hannu, don Allah ki shanye shi duka. Kada su Gwaggo su matsa miki da ruwan jego mai ƙuna a kan ɗinkin. In kin ji zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana fitar da ruwa, ki koma asibiti a ranar.

Ki gaishe da angon ƙarni da su Inna. A turo mini hoton suna.

Taki,
Ƙawarki ta Kano