In karen aiki ya ji rauni, kora ba mafita ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a taimaka mani da ɗan fili a wagga jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na san wasu za su ce rashin aikin yi ne, ana fama da tsadar taki da matsalar tsaro shi kuma wanga yana zancen kare. Na ji na yarda, amma dai a daure a karanta.

Nan Kebbi duk wanda ya san ƙauye ya san kare ba ado ba ne. Mafarauta na da nasu, Fulani na da nasu a ruga yana kwana bakin garke, mai gonar shinkafa a fadama ko mai lambun albasa yana da wanda ke kore mashi ɓarayi da birai, kuma yanzu da abubuwa suka lalace ƙauyuka da yawa haushin kare ne farkon abin da ke tada mutane in baƙon ido ya shigo da dare. To amma ranar da karen nan ya ji ciwo fa? Gyado ya farke mashi ciki, ko tarkon ƙarfe ya kama ƙafa, ko ɗan kabu-kabu ya banke shi, ko ɓarawo ya kai mashi sara da adda, ko ma harsashin abokin farauta ya kuskure ya same shi. Abin da na fi gani shi ne a kore shi daga gida da jifa saboda wari, ya koma bola ko ƙarƙashin kwalbati yana kuka dare da rana, ƙuda na bin ciwon har tsutsa ta shiga, yara na jifa, har ya mutu don kanshi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta ke nan.

Na daɗe ina tunanin mi ya sa haka, kuma a ganina amsar ba ta da wuya. In san noma ya karye ko rago ya faɗa rijiya, ana kiran mahauci a yanka, a sayar da nama, mai shi ya rage asara, dabbar ita ma ta huta. Kare ba ya da wagga hanya tunda ba cin shi muke ba, jaki ma haka. Saboda haka ba wani kuɗi da zai dawo ko an yi mashi magani ko an bar shi, abin ya rage tsakanin mai kare da Ubangijinshi kawai. Wasu kuma sai su jira masu yawon sayen karnuka da ke kwasa su kai kasuwar Dawaki can Filato, su miƙa shi da ciwon nashi a cusa a keji, a yi tafiyar kwana da kwanaki cikin rana, wai an rabu da ƙaya.

Masu fakewa da addini su ne suka fi ba ni mamaki. Ee akwai hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ladarshi na raguwa kullum, amma hadisin nan da kanshi ya cire karen farauta da na kiwo da na gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana cin abin da dabbar farautar da muka horar ta kamo mana. Bukhari da Muslim duka sun kawo labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinshi ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta mashi, sahabbai suka tambaya shin muna da lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Wannan fa karen kan hanya ne da bai taɓa yi wa mutumin aikin komi ba, to ina ga wanda ya shekara biyar yana kwana a raɓa don kai ka yi barci? Kuma mu da mafi yawanmu Malikawa ne, a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, don haka zancen wai ba za ka taɓa shi ka wanke mashi ciwo ba bai taso ba, ka wanke hannunka da sabulu bayan ka gama shi ke nan.

Abin da nike so mutane su gane shi ne rauni kala-kala ne, kuma da yawa daga karnukan da ake zubarwa wallahi masu warkewa ne. Karaya a ƙafa ba mutuwa ba ce, ƙashin babban kare kan haɗe cikin wata 2 zuwa 3 in an ɗaure daidai an hana shi yawo, na ɗan kwikwiyo ya fi haka sauri. Ko da ƙafar ta lalace sai an yanke, kare na rayuwa da ƙafa uku lafiya lau, musamman in ta baya ce tunda ƙafafun gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinshi. Ba zai ƙara bin zomo ba, gaskiya ne, amma kunnenshi da hancinshi da bakinshi suna nan, gadi bai buƙatar gudu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da tarko ya cinye wa karyarshi ƙafar baya, mutane suka yi ta ce mashi Baba ka rabu da ita mana, ya ce ai ba da ƙafa take haushi ba. Ya kai ta wurin malamin dabbobi aka gyara wurin, ta koma tsaron garken awaki a gida, ta ma haifi ƴaƴa bayan nan.

Inda abin ke da wuya shi ne in gadon baya ya karye. Za ka ga yana jan ƙafafun baya duka biyu, ka matse ɗan yatsan da ƙarfi ko waiwayowa bai yi, fitsari da kashi na zuba bai sani ba. Ko hanji ya fito ya daɗe cikin ƙasa kafin a dawo daga daji. Ko ya daina ci ya daina shan ruwa yana ta nishi. Irin wanga ko a birni da kuɗi a hannu ba kasafai ake cin nasara ba, balle a ƙauyen da ba ko hoton ƙashi. A nan tausayi shi ne a hutar da shi, kuma malamanmu ba su bar wannan a buɗe ba, a Mukhtasar na Shehu Khalil an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Na san akwai malaman wasu mazhabobi da ke ganin a bar shi sai ajalinshi ya zo, ina girmama su, amma ko su ba su ce a kore shi bola ba, cewa suka yi a ci gaba da ba shi ruwa da abinci.

In kuma za a hutar ɗin, a yi shi da kyau, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komi, in za ku kashe ku kyautata kisan. Likitan dabbobi na da allurar da ke sa shi barci ya wuce cikin ƴan mintoci ba tare da ya ji komi ba. Inda ba likita, gwanin maharbi da ya san inda zai sa harsashi ɗaya ya fi. Amma don girman Allah a bar zuba fiya-fiya ko shinkafar ɓera cikin tuwo a miƙa mashi, duk wanda ya taɓa ganin yadda kare ke shure-shure yana kumfa da zawo bayan ya ci fiya-fiya ba zai kira wannan hutu ba, shinkafar ɓera kuma wata irin sai ta yi kwanaki tana sa jini na tsiyaya a ciki kafin ya mutu. Ga kaji da maguna da ke bin sauran tuwon, ga yara ƙanana na rarrafe a tsakar gida. Sa yara su kashe shi da duwatsu da sanduna kuwa ban ma san sunan da zan kira shi ba, tarbiyyar yaran ake kashewa tare da karen. Bayan an gama a gina rami mai zurfi a binne, domin gawar da ke da guba ko allura a jiki tana kashe ungulu da duk abin da ya ci ta.

Ga masu niyyar jinya kuma, ɓarnar da muke yi da sunan magani ta kusa kai ta sakaci. Baƙin mai na inji, ruwan batir, toka, kashin shanu, duk na ga an zuba a ciwon kare. Ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri ya wadatar a wanke, in jini na zuba a danne da tsumma mai tsabta, a rufe saboda ƙuda. Kafin ka taɓa wurin ka ɗaure mashi baki da ƙyalle, zafin ciwo kan sa ya ciji ko wanda ya raine shi, sai dai in yana amai ko numfashi na yi mashi wuya to kar a ɗaure. Sai maganin kemis, mutum ya sha ibuprofen ko diclofenac ya ji daɗi sai ya ce bari in ba kare, alhali waɗannan suna huda ma kare ciki su lalata ƙoda, paracetamol ma in ya yi yawa hanta yake ci. Masu ɗori na gargajiya ban raina su ba, sai dai in an matse karan da yawa ƙafar kumbura take ta ruɓe, shi ya sa a riƙa duba yatsun kullum.

Akwai wuri ɗaya da ba na son a yi wasa ko kaɗan. In raunin cizon wani kare ne da ba a san shi ba ko dila ko wata dabbar daji, kuma naka bai taɓa samun rigakafi ba, to maganar ta wuce tausayi ta koma ta ran mutanen gida. Cutar haukan kare na iya ɓoyewa makonni ko watanni kafin ta bayyana, kuma in ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Irin wanga kare a ɗaure shi nesa da yara a kira ma'aikacin dabbobi ya faɗi abin yi. In ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti ranar, ba sai gobe ba, ba wurin mai tofi kaɗai ba, shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura. In ya mutu ko dole ta sa an kashe shi kar a farfasa kan, ƙwaƙwalwar ake aunawa a gane ko cutar ce.

Laifin dai ba na masu karnuka ba ne su kaɗai. Mutumin ƙauye in ya ji an ce asibitin dabbobi, shanu da tumaki da kaji yake kawowa a ranshi, in ya ɗauko kare a babur har dariya ake mashi a tasha. Akwai babban asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wa zai ɗauki karen farauta daga Kamba ko Yauri ya kai can? Muna da ƙananan hukumomi 21, ina roƙon ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta jiha ta tabbatar ko wace na da wanda zai iya ɗinke ciwon kare, da allurar hutarwa ga wanda ba zai tashi ba, da rigakafin haukan kare wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato ke yi nan cikin gida Najeriya. Lokacin da ake zagayen yi wa shanu rigakafi a haɗa da karnukan rugar, tunda ga su nan kwance gefen garken. Ranar 28 ga Satumba da ake bikin yaƙi da cutar duk shekara, maimakon a tsaya jawabi a Birnin Kebbi a fita kasuwannin ƙauye, a bi ta hannun Sarkin Baka na ko wane gari domin shi mafarauta ke jin maganarshi, a ba shi lambar wayar ma'aikacin dabbobin yankin. Gwamnatin tarayya ma ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, to karen da ke gadin dabbobin nan shi ma a sa shi cikin lissafi.

Malamanmu masu wa'azi a rediyo da limaman Juma'a su ma don Allah su taɓa wanga batu ko sau ɗaya kafin lokacin farautar rani ya kama, lokacin ne aka fi dawowa da karnuka a saɓe.

Na gode, Allah ya ƙara ma jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Bunza, Jihar Kebbi