Amsa ga Kawu Alhaji: wai nawa Genentech suka biya ni?

Kawu Alhaji, salamu alaikum. Na so in yi shiru don girmanka, amma tunda a rediyo ka jefo tambayar har duk unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suka ji, to amsar ma bari ta fito fili. Ka ce wai nawa Turawa suka biya ni nake yabon kamfanin magani na Amurka, Genentech, kuma wai allurar insulin da nake hana masu ciwon suga bari, daga alade take.

Maganar biyan nan ita ta ci min rai wallahi. Kamfanin da Roche, babban kamfanin magani na Switzerland, suka ƙarasa saye a 2009 kan dala biliyan 46.8, shi ne zai taso daga Amurka ya nemo mai ɗan shagon magani a zangon Kumasi ya danƙa masa sidi, kuɗinmu na Ghana? Na gode da ka ɗaga ni haka. Abin dariyar ma, su ba sa sayar da insulin, tuntuni suka ba Eli Lilly lasisi, Eli Lilly ɗin ne suka fito da shi a 1982 da sunan Humulin. To tallan me zan musu?

Batun alade kuwa labarinka ne ya kwana biyu. Da can gaskiya ne, daga jikin alade da shanu ake cirowa, kuma kamfanin da kake zagi shi ya raba mu da wannan. Mutum biyu suka kafa shi a 1976, Herbert Boyer malamin jami'a da Robert Swanson, saurayi mai neman inda zai zuba jari. A 1978 suka haɗa ƙwayar halittar da ke sa jikin ɗan Adam ya yi insulin, suka cusa ta cikin ƙwayar bakteriya E. coli, a zuba a tanki a ba ta abinci ta yi ta hayayyafa kamar ƙullun koko da ya kwana, sai a tace maganin tsaf. Furotin ne, in an sha ciki zai narkar da shi kamar nama, shi ya sa sai allura, ba mugunta ba ce. Daga nan suka yi maganin girman yara a 1985, da Herceptin na kansar nono a 1998.

Tsada kam akwai ta, ban taɓa musu ba, ga dumso, wato ɗauke wutar lantarki, yana lalata wa mutane magani a firij. Amma abin da ke ƙona min rai, tsohuwa ta ajiye allurarta don wani ya ce mata haram ce, ta koma shan ruwan sassaƙe a galan, sai ƙafa ta ruɓe a kwashe ta zuwa Gee, babban asibitin Kumasi, mai galan kuwa ko dubiya ba ya zuwa. Ban ce kai ba ne Kawu, Allah ya kiyaye, kawai dai kowa ya san abin da ake sayarwa a ƙofar gidanka ranar Juma'a. Tunda lokacin tambaya ne, ni ma ga tawa: ina lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kwalaben nan naka?