Ba yawan sukarin ba ne ya ci mini haƙori, yawan kurɓa ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan haƙori, domin na ga mutane sun duƙufa neman maganin gargajiya na ruɓewarsa, amma ba sa kula da maganin da ke cikin bakinsu, wato miyau.

Ni tela ne, shekarata hamsin da biyu. Tun ina yaro aswaki ba ya barin aljihuna, safe da dare kuma ina goge baki da buroshi. Duk da haka bara aka cire mini turmi ɗaya na ƙasa, aka cike wani. Na ce wa likitan haƙorin, "Likita, ni da nake goge baki haka, ina tsutsar ta shigo?" Ya yi dariya ya ce babu wata tsutsa, sannan ya tambaye ni abin da nake sha a wajen aiki. Kofin shayi ne mai sukari a gefen keke, ina ɗinki ina kurɓa, tun hantsi har la'asar. Ya ce to ga ɓarawon nan.

Ga yadda ya yi mini bayani. Akwai ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori. Duk sanda sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da asid, asid ɗin ya fara narkar da farin ɓawon haƙori. Miyau shi ke wanke wannan asid, ya kuma mayar wa ɓawon sinadaran da ya rasa, amma yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Ni kuwa kafin ya gama aikinsa na sake kurɓa. Ashe wuni guda haƙorana suna jiƙe cikin asid, ni ina nan ina alfahari da aswaki.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950 an yi wani bincike a asibitin Vipeholm da ke ƙasar Suwidin, inda aka riƙa ba masu naƙasar ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo ba da yardarsu ba. Zalunci ne, Allah wadai, amma ya nuna cewa zaƙin da ake ci tsakanin abinci ya fi lalata haƙori a kan wanda ake ci tare da abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, in son samu ne ya yi ƙasa da kashi 5, kimanin ƙaramin cokali shida.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da nake gani a Facebook: a daka gawayi, a matse lemun tsami, a dirje haƙora wai su yi fari. Lemun tsami asid ne, gawayi kuma kankara yake yi, ɓawon da ya tafi kuwa ba ya tsirowa. Kanumfari ma na gwada shi, yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma kogon yana nan yana ƙara zurfi. Wata uku na yi ina yaudarar kaina da shi, da na je da wuri da ciko kawai za a yi.

Aswakina ban yar ba, likita ma bai hana ni ba. Sai dai na haɗa shi da man goge baki mai fulorayid, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, in na goge da dare in tofar kawai ban kurkure ba. Shayina kuma tare da abinci nake shanye shi a zama ɗaya, a gefen keke yanzu gorar ruwa ce. Jikata kuwa na hana a kwantar da ita da bulumboti mai zaƙi a baki, domin miyau yana raguwa idan ana barci. Uwarta ta ɗan yi gunaguni kwana biyu, yarinyar ta saba.

Naka,
Wani tela mai karanta jaridarku