Ledar fiya wata da gorar lemo ba abu ɗaya ba ne

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili kan robobin nan da suka toshe mana kwatoci.

Jama'a na ɗauka duk roba ɗaya ce, alhali ba haka ba ne. Ledar fiya wata irin robar da ake kira folietilin ce, ƙwayoyin iskar etilin ake jerawa suna kama juna har su zama doguwar sarƙa ba tare da komai ya fita ba, sinadarin kabon riƙe da kabon tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa ruwa ba ya cin ta, ƙasa ba ta ruɓar da ita, sai dai rana ta mayar da ita ɓurɓushi. Akuya ta haɗiye, mahauci ya feɗe ya tarar da ita dunƙule a tumbi, wallahi abin tausayi.

Gorar lemo kuwa, mai lamba 1 da PET a gindi, sinadarai biyu ake haɗawa wajen yin ta, duk inda suka ƙulla sai ruwa ya fita, kuma ƙullin nan ana iya kwance shi. 'Yan bola ma suna tsintar gorar su sayar, ledar ce aka bari tana yawo a titi.

Masu cinna wa bola wuta ku ji tsoron Allah, in akwai fayif ɗin roba na PVC a ciki hayaƙin guba ne, domin fayif ɗin sinadarin kulorin gare shi.

Ruwanda ta hana leda tun 2008. Mu ko hanawar ba a yi ba, a tilasta wa kamfanonin fiya wata su riƙa sayen ledarsu kilo-kilo daga hannun masu tsinta.

Naku, mai karatu daga Kano.