Dajin da ya tsiro a kan ramukan zinariya a Bendigo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, waɗanda da yawansu kan gama zamansu ba su san ko'ina ba sai birnin Melbon da bakin teku. Kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da Melbon akwai birnin Bendigo, wanda gandun dajin ƙasa mai suna Greater Bendigo ya kusa yi wa zobe. A 2002 aka kafa gandun, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 17,000. Ya cancanci a je, amma da sharaɗin kada mai ziyara ya zaci yana kallon dajin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba.

A 1851 aka gano zinariya a wannan yanki, kuma cikin shekara goma mutanen Biktoriya suka tashi daga kimanin 77,000 zuwa fiye da rabin miliyan. Wannan taron jama'a ne ya cinye dajin, domin da itacensa aka tokare ramuka, da shi aka gina matsuguni, da shi kuma aka riƙa hura injinan tururi masu niƙa dutse. Ƙasar da ke sama kuwa an kankare ta, an wanke ta da ruwa don tace zinariya, lakar ta gangara ta toshe rafuka. Irin wannan daji na bishiyoyin turare masu baƙin ɓawo, wanda a da ya rufe tsakiyar jihar, abin da ya rage daga cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Duk wanda ya lura zai ga shaidar da idonsa. Bishiyoyi da yawa sirara ne, kuma sau tari uku ko huɗu ne suka fito daga gindi ɗaya, alamar cewa toho ne daga kututturen da aka sare. Tsofaffin bishiyoyi masu kogo, waɗanda tsuntsaye da ƙananan dabbobi ke bukata don sheƙa, sun yi ƙaranci ƙwarai, domin bishiya kan haura shekara ɗari kafin ta yi kogo. A ƙasa kuma sai tudun tsakuwa, da kwazazzabai, da wani zagayayyen rami inda a da doki yake jan ƙarfe yana dama yumɓu da ruwa don tace zinariya. A ganina wannan shi ne ainihin abin kallo a wurin, ya fi furanni, ko da yake furannin da ke fitowa daga Agusta zuwa Oktoba ba abin rainawa ba ne. Shekara fiye da 170 ke nan da fara haƙar, amma har yau akwai wuraren da ciyawa ta ƙi kamawa, kuma tarin yashin da aka zubar daga ma'adinai yana ɗauke da gubar arsenik.

Asalin masu ƙasar, al'ummar Dja Dja Wurrung, su ne suka fi kowa asara, domin an raba su da ƙasarsu da ruwansu. Sai a 2013 gwamnatin Biktoriya ta ƙulla yarjejeniya da su, ta amince da su a matsayin masu ƙasar na gado, kuma yanzu tare da su ake gudanar da gandun. Bai dace baƙo ya tafi yana ta sha'awar labarin mahaƙa ya manta da wannan ɓangare ba.

Wanda zai je ya tsaya a kan hanyoyin da aka shata, musamman idan yana tare da yara, saboda tsofaffin ramuka masu zurfi da ganye ya rufe bakinsu. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da gobarar daji da macizai, kuma akwai ranakun da hukuma ke haramta kunna wuta gaba ɗaya. Har yanzu ana barin masu neman zinariya da na'urar hannu mai gano ƙarfe su gwada sa'a a wasu sassa da aka keɓe, muddin sun sayi lasisi kuma za su cike ramin da suka tona, ko da yake ni ban ga hikimar ƙara tona ƙasar da ba ta gama warkewa ba.

Mai sauran lokaci ya biya ta garin Castlemaine, kudu da Bendigo, inda akwai maƙabartar Pennyweight Flat da aka binne kimanin mutum 200 a shekarun 1850, mafi yawansu 'ya'yan mahaƙa ne da cututtukan gurɓataccen ruwa suka kashe.

Naka,
Wani mai karatu daga Melbon