Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Taron wata-wata na ƙungiyarmu ta masu sha'awar bishiyoyi ya gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da muka ɗage.

Abin alfaharinmu bana shi ne tafiyar Taraba. Mun bar Jos da asuba, muka kwana a Jalingo, washegari muka bi ta Bali zuwa Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti. Bayan mun hau Mambila sai ƙafa ta karɓi aiki, ma'aikatan gandun suna gaba muna biye, har kurmin da ke kan Cabbal Wadi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. A can muka ga fodokafus ido da ido, bishiyar da muka daɗe muna kallo a hoto. Dangin bishiyar fayin (pine) mai ganye kamar allura ce na nesa, ba ta fure, amma ganyenta ba allura-allura ba ne, dogo ne siriri mai sheƙi. Akwai namiji akwai mace, kowanne da gindinsa. Ƙwayar tana zaune a kan wata 'yar tsoka wadda tsuntsaye ke ci, su ne ke baza irin. Baba shugaba, duk da ciwon gwiwa, sai da ya kai ya dafa gindinta, wallahi har ƙwalla ya yi. Mun kuma ga bakin kurmin da wutar rani ta lashe, da sawun shanu a inda ya kamata ƙanana su tsiro.

Sai maganar rumfar renon dashe. Na ji masu cewa kwamiti ya yi barci. Ba barci ba ne, kuɗi ne babu. An kafa ginshiƙai, an sayi ledar dashe, tankin ruwa ya gagara, kuma ba wanda zai reni bishiyar kurmi a ranin Jos babu ruwa. Masu zargin tafiyar ce ta cinye asusu su sani, kowa daga aljihunsa ya biya.

Ko rabin mambobi ba su kammala kuɗin shekara ba. Wasu sai a WhatsApp muke ganinsu, suna yaba hotuna, in an kira waya ba sa ɗauka. Na gaji da bin mutum har shago kamar mai bin bashi. Littafin rasit yana hannun ma'aji, a daure a biya kafin taro mai zuwa, don a samu a sayi tankin kafin damina ta ɗauke.